Kwaɗo Ba Makulli

A gidanmu in an haifi jariri mai dogon hanci
sai Gwaggo Tasalla ta ɗaga shi sama, ta ce,
"Ga jinin Azbin ya sake leƙowa."
Ba mu da raƙumi ko na yumɓu,
ba mai jin Buzanci ko na gaisuwa,
amma da wannan magana aka yaye mu.

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari
na sayi littafi mai shuɗin bango, na fara jera mu.
Ni ɗan Shekarau ne.
Shekarau ɗan Barau mai yasar rijiya.
Barau ɗan Jatau, wanda ya sari dajin nan
tun kura na kwana inda masallaci yake yanzu,
tun kafin Nasara biyu su zo da igiya da turaku
su raba masa gona,
gero a Ingilishi, wake a Faranshi.

Daga Jatau sai hanya ta ƙare.
A gefensa na rubuta: Gaishita, Buzuwa.
An ce 'yar madugu ce.
An ce ta sauko neman ruwa, ta ga mai rijiya,
ayarin gishiri ya wuce ya bar ta.
An ce gashi har gadon baya.
An ce, an ce.
Shaidarmu guda: kwaɗon tagulla mai zane
a ƙasan adudu, cikin tsumma, ba makulli.

Tsohuwar takardar haraji ta san Jatau,
ta san awakinsa huɗu.
Matarsa kuwa ba ta shiga lissafi ba.

Sai na hau babur, na wuce turken siminti
zuwa wajen dangin da ke ƙirga kuɗi da dala da jaka.
Can na iske Iya Kyauta, ido ya tafi,
tana ɓarar gyaɗa a faifai.
Na sa mata kwaɗon a hannu.
Ta shafa shi, ta juya, ta daɗe.

"Wa ya ce maka na akwatin amarya ne?
Wannan na ƙafa ne, ɗana.
Kakata ta yi daka da ita.
Sunanta Tabawa, a bayan kukokin can aka binne cibiyarta.
Tana tsintar kanya mahara suka ɗauke ta.
Damina goma sha biyar tana jan guga ga raƙuman wasu,
ta dawo Hausa ta gudu daga bakinta.
Mutane suka ce Buzuwa,
ita kuma ba ta musa ba.
Kai da kai ne, da wane suna za ka bar wa 'ya'yanka?"

Wani tsoho da ke tufka igiya a gefe ya yi tsaki.
"Rabu da ita, tsufa ne.
Ni na ji fara ce sol, ta zo da bayi biyu."
Iya Kyauta ba ta tanka ba,
ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Na iso gida bayan isha.
Gwaggo tana bakin murhu, ta ce, "To, ka samo mu?"
Na ce, "Na samo hanya biyu, Gwaggo,
kowacce ta bi ta rijiyar Jatau."
Ta ce ai daman,
ta tura mini tuwo.

Jiya ƙanwata Uwale ta sauka, mace.
Na ga an ɗaga ta sama, na ji abin da aka ce,
ban gyara wa kowa ba.
Da dare na buɗe littafin,
ƙarƙashin Gaishita na sa Tabawa, da fensir.
Na ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa,
na gwada ƙusa, na gwada allura.
Bai buɗe ba.
Sai na auna bakinsa da idon sawuna,
na yi sauri na mayar da shi cikin tsumma.